Ƙoƙon Salansa

Mato ya turo ta tun daga Garin Malam,
taya a sace, sirdi a yage,
ya jingina ta da bangon garejina.
Ya ce, "Baba Kiyari, ta tsohona ce.
Damina uku tana zaure ba mai hawa.
Na zuba mai, na sa sabon buji,
sai ta yi tari, ta shaƙe, ta mutu."

Na durƙusa. Gwiwata ta riga ƙarfen yin ƙara.
Na leƙa bakin salansa,
duhu kamar rijiyar da ta ƙafe.
Ƙoƙon ciki, mai huje-hujen nan
da ke tace hayaniya kafin ta fito titi,
tsatsa ta ɗinke shi da bututu,
kunkunniya ta bi ɗinkin ta shafe.
Kusa ɗaya ke riƙe da shi.
Na murɗa, kanta ya gutsure a hannuna.

"Kawo babbar guduma," in ji Mato.
Na ce, yaro,
ƙarfen da ya shekara uku yana fushi
ba a ba shi haƙuri da mari.
Ka lotsa bakin, sai yanka.

Na kwance salansar, na tsayar da ita kai sama,
na tsiyaya kalanzir da baƙin mai gefe-gefe,
na ce ya dawo bayan la'asar.
Mu 'yan Damagaram mun iya jira.
Wanda ya kwana a layin famfo da jarka shida
ba zai kasa ba tsatsa wuni ɗaya ba.

Da ya dawo na ari wutar Ari mai walda.
Waje ake gasawa, ban da ciki,
don na waje ya saki jiki
na ciki ya rasa abin kamawa.
Hayaƙi ya tashi, mai yaji, ya sa mu hawaye.
Na ɗora guntun katako,
ƙaramar guduma, ƙwas, ƙwas, ƙwas,
ina zagaye kamar mai neman ƙofa a gidan baƙo.
Na lanƙwasa rodi ya zama ƙugiya,
na zura, na saƙala a huji,
dama kaɗan, hagu kaɗan.
Ta zame.
Fatar yatsana ta tafi da ita.
Na tsotse jinin, na sake zurawa.

Can sai wani ɗan kuka, siriri,
irin na ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba.
Ya motsa faɗin farce.
Ya sake.
Ya fito gaba ɗaya kamar turmin haƙori,
da gidan zanzaro cunkus a cikinsa,
ɗaki bisa ɗaki, jar laka ta bushe.

Mato bai jira ba.
Ya ɗaura salansar haka nan, wayam, ya taka.
Kai! Awaki suka watse,
mai shayi ya zubar da rabin kofi,
duwatsun Birni ma ina jin sun amsa.
Yana dariya. "Bar ta haka, Baba!
Har Mirya za a san na taso."

Na ce, to. Amma ka ji ɗayar tukuna.
Na ƙona ƙoƙon, na karce shi da waya,
na buɗe hujin ɗaya bayan ɗaya,
na shafa giris, na mayar, na sa sabuwar kusa.

Ya taka.
Ƙasa-ƙasa take magana yanzu,
kamar dattijo yana lazimi.

Dariyar ta tsaya.
Ya daɗe riƙe da kan babur.
Ya ce, "Haka take yi in ya shigo lungu da dare.
Inna kan ɗora ruwa
tun bai yi sallama ba."

Ya miƙo jika biyu, na ɗauki ɗaya.
Ya tafi a hankali, bai murɗa ba.

Ina wanke hannu da toka,
zanzaro ɗaya na ta kewaya
inda jar lakar ta zube.